Kifin Onditi da Dokar Kwana Uku

Litinin, 3 ga Maris, 9:40 na safe

Matata Akeyo ce ta saya mini littafin nan tun Kirsimeti, wai in riƙa zuba damuwata a ciki maimakon in riƙa yi wa rediyo tsawa. Ni ba ni da wata damuwa. Na buɗe shi ne kawai don kwanakin nan ina da sarari da safe. Ba zan rubuta komai a kan ofis ba.

Ina shagon shayin da ke bayan laburare, a teburin da ke kusa da soket. Shayi kofi ɗaya, mandazi ɗaya, wato fankenmu na nan, intanet kyauta. In mutum ya iya kurɓa a hankali, kofi ɗaya na kai shi har sha biyu. Na iya.

In wani ya tsinci littafin nan bayan raina, ya sani ni ne Onditi, kuma ni da abokina Makokha muka haifi Omena shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Manhaja ce da magatakardan gaɓar tafki suke rubuta kifin da aka kamo da ita: jirgin wane, kilo nawa, wace rana. Kyauta ce, kuma a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya leƙa cikinta ya gyara. Gaɓa sama da ɗari ke aiki da ita yanzu, daga nan Kisumu har Jinja da Mwanza, kuma ba a taɓa biyan kowa ko sisi ba. Shafinmu na intanet ma ni na gina shi da hannuna. Shuɗi ne, da koren rubutu, da wani kifi mai iyo daga wannan gefe zuwa wancan yana kaɗa wutsiya. Sati uku na yi a kan wutsiyar nan kaɗai.

Yau Makokha ya rubuto a zauren imel ɗinmu cewa wata gidauniya ta ba mu tallafin shilin dubu ɗari shida don a sabunta shafin. Sabuntawa! Me shafin ya tsare musu? Wai yana tambayar kwamiti: a ɗauki ƙwararru a biya su, ko a nemi ɗan sa-kai ya yi kyauta a mayar wa gidauniyar kuɗinta? Suna son amsa kafin ƙarshen wata.

Dubu ɗari shida. Don tarihi kawai na rubuta.

Talata, 4 ga Maris, 12:10 na rana

Mutanen da na je wajensu ranar Alhamis sun ce za su kira. Ba su kira ba. Nektayin nan yana shaƙe ni, amma da shi na fito daga gida, da shi zan koma.

Laraba, 5 ga Maris, 6:30 na yamma

An yi taron kwamiti ta bidiyo. Mu goma sha ɗaya. Namutebi ce ta fara, 'yar Jinja mai amsa koke-koken masu amfani da manhajar. Shekarunta ba su wuce talatin ba amma ba ta tsoron kowa.

Ta ce, "Dattijo, da girmanka, shafin nan sai ya yi minti biyu kafin ya buɗe a waya. Kuma kifinka ta kan maballin sauke manhajar yake bi. Sai mutum ya tsaya ya jira shi ya wuce, kamar mai tsallaka titi."

Na ce, "Masuncin da ba zai iya jiran kifi ba ai gara ya sake sana'a."

Babu wanda ya yi dariya. Na tabbata matsalar intanet ce.

Ta ce, "'Yan sa-kai uku sun taɓa ɗaukar aikin nan. Ɗaya ya yi aure, ɗaya ya tafi Dubai, ɗayan kuma har yau ba mu san ko yana da rai ba. Mu biya wani ya yi, in ya ɓata mu samu wanda za mu kama."

Nan ran maza ya ɓaci. Na miƙe tsaye, ko da yake daga baya na gane cikina kawai suke gani a allo. Na tuna musu yadda muka fara da kwamfutar aro. Na ce, "Ranar da Omena ta biya mutum, ranar ta mutu. Duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin nan ya sayar da mu, kuma ni da shi ko gaisuwa babu." Na yi magana minti ashirin. An naɗi taron, yana nan a ajiye ga mai son koyon magana.

Makokha ne ya yi magana a ƙarshe. Shi ɗan ƙabilar Luhya ne, ni ɗan Luo, don haka suruki muke kiran juna, ko da yake babu wanda ya auri 'yar gidan wani. Ya ce, "Suruki, zauna, cibiyarka ta gama jawabi. Wanda ke da shawara ya rubuta a zaure. Dokar kwana uku na nan."

Dokar kwana uku ni na rubuta ta, tun lokacin da mutane ba sa amsa imel. In ka aika shawara zaure, aka yi kwana uku cif babu ɗan kwamitin da ya ce bai yarda ba, to ta wuce. Wanda ya yi shiru ya yarda ke nan. Ta wannan dokar kifin ya shiga shafi. Ranar jajibirin Kirsimeti na aika shawarar, lokacin kowa yana ƙauye yana cin nama. Ba laifina ba ne in mutane ba sa duba saƙo.

Jumma'a, 7 ga Maris, 1:15 na rana

Akeyo ta zuba mini ugali, tuwonmu na masara, da ganyen sukuma a kula kamar kullum, kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Tana ɗaure jakar ta ce, "Baban Awino, yaya Mista Langat? Kwana biyu ban ji labarinsa ba."

Mista Langat shi ne mai gidana a ofis. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mutumin kirki ne."

Ta tsaya tana kallona har na fara duba ko na zubar da shayi a riga. Sannan ta gyara mini nektayi ta ce in gaishe shi. Na ci abincin a kan bencin da ke fuskantar tafki, tsuntsaye suna ta kallon bakina.

Asabar, 8 ga Maris, 4:00 na yamma

Na je gaɓar Dunga don in samo shaida. Mama Adongo ce magatakarda a can, shekara tara tana aiki da Omena. Na ce a raina in ita ta yabi shafin, bakin Namutebi ya mutu.

Na same ta tana auna kifi, alƙalami a bayan kunne. Na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, yaya kike ganin shafinmu?"

Ta ce, "Injiniya, wannan kifin naka me yake ci?"

"Ba ya cin komai, Mama, zane ne."

"Ƙarya kake. Data yake ci. Na sa ta shilin hamsin in sauke sabuwar manhaja, ya yi iyo sau uku, ta ƙare. Duk kifin tafkin nan shi kaɗai ne ake kashe wa kuɗi ba a ci."

Matan da ke shanya ƙananan kifi suka kwashe da dariya. Na yi ta maza na ce ai aikin taimako muke yi. Ta ajiye ma'aunin ta dube ni.

"Wai nawa ake biyanka?"

Na ɗaga kai na ce, "Ko sisi."

Ta ce, "Ayya. Shi ya sa." Sai ta sassauta murya. "Ka ga, ɗana, shekara tara ina da abubuwan da nake so in faɗa maka, amma wanda ya ba ka kyauta ba ka ce masa ya ƙaro gishiri. Sai in yi shiru in ce Allah ya saka."

Ta ƙulla mini kifi biyu a jarida ta ƙi karɓar kuɗi. Wannan shaidar ba zan kai ta zaure ba, don mutum ɗaya ba ya wakiltar jama'a.

Litinin, 10 ga Maris, 10:05 na safe

Allah ya kunyata masu son kuɗi! Wani bawan Allah daga Arusha, Mollel, ya rubuto zaure zai yi aikin kyauta, cikin sati biyu. Na amsa masa da saƙo mai sakin layi shida. Na ce irinsa ne gishirin Omena.

Ya kamata in ji daɗi. Na ji daɗi. Shayin ne dai yau ba shi da ɗanɗano.

Talata, 11 ga Maris, 1:00 na rana

Ba su kira ba. Wasu ma daban da na je wajensu jiya sun ce za su kira.

Alhamis, 13 ga Maris, 11:30 na safe

Mollel ya fara aiki jiya. Ya sauya shuɗin shafin zuwa wani shuɗin, wanda ni da na zauna shekara goma sha ɗaya da na farkon ban ga bambanci ba. A hanya kuma ya taɓa wani abu, maballin sauke manhaja ya ɓace gaba ɗaya. Kifi na iyo a kan fili.

Da safe ya rubuto: matarsa ta haifi tagwaye, a yi haƙuri, zai dawo in abubuwa sun lafa. Namutebi ta amsa da kalma ɗaya: "Huɗu."

Ni na mayar da maballin, cikin minti tara. Na rubuta a zaure cewa wannan shi ne kyawun aikin sa-kai, wani ya faɗi wani ya ɗaga shi. Wani ɗan kwamiti ya tambaya yaya aka yi nake da lokacin gyaran shafi da ƙarfe goman safiyar ranar aiki. Ban ga saƙon ba.

Jumma'a, 14 ga Maris, 5:20 na yamma

Kamfanin Nairobi da Namutebi ta nemo sun nuna mana shirinsu ta bidiyo. Samari uku, kowa da gemu da tabarau iri ɗaya, kamar a shago ɗaya aka sayo su. Shafin da suka zana fari ne fat, da hoton wata mata tana dariya tana riƙe da kifi. Kifin teku ne. Duk tafkin nan ba a taɓa kama irinsa ba.

Na tambaye su, "Kun taɓa zuwa gaɓa?"

Babbansu ya ce sun taɓa kwana a otal a Mombasa, bakin teku.

Na ce, "Kifinmu fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Za mu yi masa ritaya cikin mutunci, ranka ya daɗe."

Na san wannan maganar. Na san yadda ake faɗinta, da murmushin, da hannun da ake ɗora maka a kafaɗa, da kwalin da ake ba ka ka zuba kayanka. Na kashe kyamarata na ɗan lokaci, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Kuɗin da suke nema daidai yake da tallafin, babu ƙari babu ragi. Ikon Allah.

Lahadi, 16 ga Maris, 3:45 na yamma

Bayan coci na zauna ina wasa da kwamfuta. Wasa kawai. Tun Jumma'a nake wasan. Na zana sabon shafi don in nuna wa kaina cewa abin ba wuya. Yana buɗewa a waya kafin ka ƙifta ido, maballin saukewa ƙato a sama, bayani cikin harsuna huɗu. In an ba ni wata huɗu zan gama shi tsaf, har da littafin koyarwa ga magatakarda. Ba wai ina so a ba ni ba.

Na rubuta takardar neman aikin, don gwaji. Na goge. Na sake rubutawa da sunan wani kamfani da na ƙirƙira, na sa lambar wayar Akeyo. Sai na hango Makokha ya kira ta ɗauka tana tuƙa ugali. Na goge.

Na saurari jawabina na ranar biyar ga wata. "Ko gaisuwa babu." Wa ya aike ni? Jawabi ne mai kyau, wannan ita ce matsalar. Tsoro nake ji, gaskiya, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Litinin, 17 ga Maris, 2:00 na rana

Sun kira. Gara ma da ba su kira ba.

Talata, 18 ga Maris, 12:40 na rana

Ina zaune a teburina na kusa da soket, ƙarfe goma da rabi, sai na ji an ce daga bayana, "Suruki! Ashe an mayar da ofishinku nan?"

Makokha ne. Duk shagunan shayin Kisumu bai ga na shiga ba sai wannan, shi da yake aiki a can wajen filin jirgi. Na sha jinin jikina. Na ce ana feshin maganin kyankyaso a ofis.

Ya ce, "Allah ya tsine wa kyankyaso." Ya ja kujera ya zauna. Kafin in rufe kwamfutar ya riga ya juyo da ita gabansa. "Wannan fa?"

"Wasa ne."

Ya buɗe shafin a wayarsa, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya daɗe yana dannawa. Sannan ya ce, "Ina kifin?"

"Ban kai wajen ba tukuna."

"Turo mini in nuna wa matata, tana son wasa."

Na tura masa don ya tafi. Bai tafi ba sai da ya ci mandazi huɗu, ya sa aka kawo mini soyayyen kifi da ban nema ba, ya biya duka. Bai sake tambayata komai a kan ofis ba. Shekara ashirin da sanina da Makokha bai taɓa barin tambaya ta wuce shi ba, sai yau. Wannan ya fi zagi ciwo.

Laraba, 19 ga Maris, 7:10 na yamma

An gama. Ni da Omena sai dai a lahira.

A taron yau, gaban kowa, ba gaira ba dalili, Makokha ya ce, "Jama'a, mu daina ɓoye-ɓoye. Abin nan ma ba kifi ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa, silifa ne aka sa wa ido."

Silifa! Namutebi ta faɗi daga kan kujera don dariya. Wani daga Mwanza ya ce shi ma tun da yana zaton takalmi ne amma yana jin nauyi.

Na ce, "Makokha, maimaita."

Ya ce, "Silifan wanka, suruki. Ƙafar hagu."

Na ce to shi ke nan, ba za su sake jin muryata ba. Ba zan rubuta ba, ba zan karanta ba, su ga yadda Omena za ta yi ba Onditi. Na fita daga taron, na cire imel daga wayata. Sun san halina. Shekarar da suka sauya mini girman rubutu kwana biyar na yi ban leƙa zaure ba, sai da suka aiko da ban-haƙuri.

Abin mamaki, Akeyo ta goyi bayana ɗari bisa ɗari. Ta ce, "Rainin ya yi yawa, Baban Awino. Ka tafi ƙauyenku Uyoma wajen Mama ka huta, dama shingenta ya faɗi. Bar kwamfutar nan, ka riƙe ƙaramar wayata mai maballi, kada su dame ka."

Na ce, "'Yar garin Seme, gobe Alhamis fa. Ofis."

Ta ce, "Ka nemi hutu mana. Ba ka ce Mista Langat mutumin kirki ne ba?"

Har ta riga ta haɗa mini jaka. Mace ta gari ke nan.

Alhamis, 20 ga Maris, 2:30 na rana, Uyoma

Akeyo da kanta ta raka ni tasha. Ta tsaya har matatu, motar hayarmu, ya tashi ƙarfe takwas, ina hango ta tana danna waya. Shingen Mama bai faɗi ba, ya ɗan karkata ne kawai. Mama ta ce ita ba ta aika a kira ni ba, amma tunda na zo akwai ciyawa a gonar masara.

Jumma'a, 21 ga Maris, tsakar rana

Yanzu haka suna can suna ta rubuta "Ina Dattijo?" Su rubuta. Bayana na ciwo.

Asabar, 22 ga Maris, 5:00 na yamma

Ruwa tun safe. Na zana kifin a ƙasa da tsinke na tambayi Mama me ta gani. Ta duba da kyau ta ce, "Wa ya yar da takalminsa?" Idonta ya yi rauni ƙwarai, dole a kai ta asibiti.

Kwana uku ban ce musu uffan ba. Yanzu sun gane kurensu.

Lahadi, 23 ga Maris, 6:00 na yamma, gida

Na dawo da kaza da ɗanyar masara. Na ce bari in leƙa zaure, ba don komai ba, don in ga yawan ban-haƙurin.

Babu ban-haƙuri. Saƙon Makokha ne a sama, an aiko shi ranar Alhamis, ƙarfe takwas da minti biyar na safe. Ga shi na kwafe:

"Shawara. A ba Onditi aikin sabunta shafi, a biya shi kuɗin tallafin, wata huɗu. Ga samfurin da ya zana, ku buɗe a wayoyinku ku gwada da na Nairobi. Kifi zai zauna, amma ƙarami, a ƙasan shafi, kuma ba zai motsa ba sai an taɓa shi. In shawarar ta wuce ya ƙi karɓa, aikin ya koma wajen 'yan Nairobi. Wanda ke da ja ya yi magana kafin Lahadi, takwas da minti biyar."

A ƙasa mutum tara sun rubuta "na yarda". Namutebi ta ƙara da cewa, "Wanda ya lallashi Dattijo kafin Lahadi, ni da shi ne." Sai saƙon ƙarshe, na yau da safe: "Kwana uku sun cika, babu mai ja. Onditi ma bai ja ba. Ta wuce."

Na kira Makokha nan take. Ya ɗauka yana tauna wani abu.

Na ce, "Wannan fashi ne da rana tsaka! Ban gani ba!"

"Wa ya hana ka gani?"

"Fushi nake yi! Kowa ya san fushi nake yi!"

"Suruki, karanto mini inda dokar ta yi maganar fushi. Kai ka rubuta ta, ka fi ni saninta."

"Da gangan ka zagi kifina."

"Da gangan. Amma ban yi ƙarya ba."

"Ka jira sai da na bar gari!"

Ya ce, "Tuna mini, wace rana ce aka aiko shawarar kifin nan? Ina ƙauye ina cin nama, na manta." Ya bar ni na yi ta huci. Sannan ya daina tauna. "Onditi, ji nan. Ba sadaka ba ce. Da shafin 'yan Nairobi ya fi naka, su zan ba, kai kuma in ci gaba da saya maka kifi. Naka ya fi. Shekara goma sha ɗaya ka yi mana kyauta, mun ci mun ƙoshi. In ba ka so, rubuta a zaure, su yi wa silifanka ritaya."

Na ce, "Jawabina fa? An naɗa."

"Namutebi ta ce za ta riƙa kunna maka shi duk ranar biya. Mun yarda mu riƙa gaishe ka duk da haka."

Na kashe wayar. Ban rubuta komai a zaure ba.

Litinin, 24 ga Maris, 9:00 na safe

Bakwai da rabi na fito daga ɗaki da nektayi kamar kullum. Babu kula a kan tebur. Akeyo na zaune da jakarta a cinya, ta kawar da kwanuka daga teburin cin abinci, ta ajiye kwamfutata a kai, ta jawo soket kusa.

Na ce, "Wa ya gaya wa Makokha matatu ya tashi?"

Ta ce, "Wanda ya gaya masa shagon shayin."

Na zauna. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Shekara tara kullum ka dawo sai ka zagi Mista Langat kafin ka cire takalmi. Ranar sha huɗu ga Fabrairu ka shigo ka ce gari ya yi zafi. Bayan sati uku kuma wai mutumin kirki ne."

"Me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Kullum in zuba maka abinci in ce yau zai faɗa." Ta shiga neman wani abu a jaka. "Kana tsammani albashin na aura?"

Sai na faɗa. Na ce an sallame ni daga aiki. Kalma biyar ne ashe, sati biyar ina ɗauke da su. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafin da aka saya da kuɗinta ba. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini tsumman goge tebur don shi ne a kusa.

Ta kama nektayin ta ce, "In cire wannan abin in ajiye?"

Na yi shiru.

Ta ce, "Ni ba ni da kwana uku, makaranta zan tafi." Ta kwance shi ta jefa a jakarta.

Litinin ɗin dai, 11:15 na safe

Mama Adongo ta kira. Ban san wa ya gaya mata ba.

"Injiniya, an ce yanzu biyanka ake yi?"

Na ce, "Haka aka ce, Mama."

"Madalla. Nemo alƙalami da takarda. Babba. Shekara tara nake tara su."

Mun kai na goma sha bakwai katinta ya ƙare. Ni na kira ta.